Jan Zaren da Na Ƙulla a Indiya

Jama'a, salamu alaikum. Abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma na rantse da Wanda raina yake hannunsa ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa ce. Sunana ku bar shi kawai. 'Yan unguwarmu in sun karanta za su gane ni, sauran kuwa sanin sunan ba abin da zai ƙara muku.

Ni mutumin Haɗejiya ne, amma asalin gidanmu masunta ne daga wani ƙauye ta wajen Guri. Lokacin da abin ya faru, yau shekara tara ke nan ko goma, ina saƙa da gyaran tarun kamun kifi a bakin kogi, muna kuma bandar kifi ni da yayana, Yaya Sale. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifinmu ya rasu, shi ya sa ni a makaranta har na gama sakandare, shi ya yi min aure, kuma shi ya koya min irin ƙullin gidanmu, wanda in ya sha ruwa ko aka ja shi sai ya ƙara kamawa, amma in ka san inda za ka danna da babban yatsa sai ya buɗe salin-alin. To ni kuma Allah ya yi ni da wani hali, hannuna ba ya iya ganin ƙullin da aka yi ba daidai ba ya bar shi. Igiyar akuyar maƙwabci ce, igiyar shanya ce, bakin buhun wani ne a tasha, kafin in ankara na kwance na sake ƙullawa. Yaya yakan ce wata rana hannun nan sai ya ja min duka.

Wanda ya san yankinmu ya san ciwon ƙoda ba baƙo ba ne a wajenmu, da wuya ka sami unguwar da bai shiga ba. Haka ya shigo gidanmu ya kama Yaya, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, aka fara kai shi wankin ƙoda, muka yi ta zirga-zirga a hanya har likitoci suka ce ba makawa sai dashe. Aka gwada ni aka ce tawa ta yi daidai da jikinsa. Wallahi ko daƙiƙa ɗaya ban yi ina tunani ba, mutumin da ya ba ni komai, ƙoda ɗaya mece ce? 'Yan'uwa da abokan sana'a suka tsaya mana, muka hau jirgi ni da shi muka tafi Indiya, wani babban gari a kudancin ƙasar.

Muka yi sati uku ana ta gwaje-gwaje da cike takardu, ni ba abin da nake yi sai zama a gefen gadonsa. Saura kwana uku a yi aikin sai Yaya ya kalle ni ya ce, “Kai Auta, ka zauna ka zuba min ido sai ka ce talabijin. Tashi ka je ka ga gari, in mun koma ka sami abin cika wa mutane baki.” Auta yake kirana, duk duniya shi da Innarmu ne kawai suke kirana da haka.

Akwai wani dattijo direba da yake ɗaukar masu jinya daga masauki zuwa asibiti, Musulmi ne, gemunsa ja wur da lalle, muna ce masa Baba Direba. Turancinsa a karye, nawa a karye, amma muna fahimtar juna. Shi ya ce zai kai ni yawon buɗe ido wani tsohon wurin bauta na 'yan Hindu da yake kan dutse a bayan gari, ya ce baƙi daga ko'ina suna zuwa kallo, ba mai hana ka muddin ka cire takalmi ka kama kanka. Sai na ce ai kallo zan yi ba bauta ba, su da addininsu ni da nawa.

Kai, jama'a, ni da na tashi a ƙasar da take shimfiɗe kamar tabarma, abin da na taɓa hawa mafi tsawo shi ne motar kifi, ranar na ga ikon Allah. Matakala ce aka sassaƙa a jikin dutsen, ka hau ka hau ba ta ƙarewa, ƙafa ba takalmi dutse kuma ya ɗauki rana, birai suna bin ka suna leƙa aljihunka ba kunya ba tsoro, mata a gefe suna sayar da furanni da kwakwa da turaren wuta. Tsofaffi da sanda suna wuce ni ina haki. Da muka kai sama sai ga ginin, duk da dutse aka yi shi, ba inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa sassaƙa ba, giwaye, dawaki, mutane masu rawa, Baba Direba ya ce ya yi ɗaruruwan shekaru a wurin. Ban shiga can ciki inda suke ibadarsu ba, na tsaya a farfajiya ina jin ƙararrawa, ina kallon mutane suna shiga da hannu a haɗe suna fitowa da jan abu a goshi. Da na leƙa ƙasa kuma sai na hango gonakin shinkafa da ruwa kwance a cikinsu, sak fadamarmu, nan take kewar gida ta kama ni har na ji ƙwalla.

Baba Direba ya ce gwiwarsa ta gaji, ya zauna a inuwa, ni kuma na zaga bayan ginin ni kaɗai. A nan na tarar da wata tsohuwar bishiya mai kama da ceɗiya, an cika rassanta da zaruruwa ja da rawaya, ko'ina zare, wasu sababbi, wasu rana ta cinye su. Ban san na mene ne ba, kuma ban tambaya ba, wannan ita ce wautata ta farko. Ni dai idona na mai saƙa ya tafi kan ƙulle-ƙullen ina ta raina su a zuciyata, sai na hango wani jan zare shi kaɗai a wani reshe na ƙasa-ƙasa, ya tsufa ya koɗe, ƙullinsa ya zame saura ƙiris, iska tana kaɗa shi, ko numfashi mai ƙarfi ka yi zai faɗi. Wallahi tallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannu ne kawai ya tafi, na kama bakin zaren biyu na yi masa ƙullin gidanmu na ja. Kuma ba zan ɓoye muku ba, a daidai lokacin zuciyata tana kan Yaya, don ko'ina nake tana kansa, ina cewa a raina ya Allah kada ka raba ni da shi, kada ka bari ya tafi. Allah na roƙa, ba bishiya ba, wannan ko gaban wa zan maimaita.

Ban sauke hannuna ba na ji wata irin ƙara a bayana. Wata tsohuwa ce, siririya, kanta fari fat, ashe tun ɗazu tana zaune a kan saiwar bishiyar da kwandon furanni a gabanta ban lura da ita ba. Ta taso da sauri ta ture ni ta kalli ƙullin, ta kalle ni, ta sake kallon ƙullin, sai kawai ta zube a ƙasa tana dukan goshinta da tafin hannu. Mutane suka fara taruwa, Baba Direba ya iso yana ɗingishi, ya durƙusa ya yi ta magana da ita da yarensu, ina tsaye kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

Abin da ya gaya min, gwargwadon yadda na fahimta, shi ne mutane suna ɗaura zaren ne in suna da wata buƙata, kuma ba mai taɓa na wani. Wannan na tsohuwar ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mijinta ya kwanta ciwo, ta hau dutsen nan ta ɗaura shi tana roƙon kada a ɗauke mata shi, ta kuma yi rantsuwa hannunta ba zai taɓa kwance shi ba. To ba a ɗauke shi ba, amma kuma bai tashi ba. Yana nan kwance a gida, ba ya magana, bai san kowa ba, naman jikinsa ya ƙare, mutuwa ta ƙi zuwa. Tun da ta gane abin da ta roƙa, kullum sai ta hau dutsen ta zauna tana jiran zaren ya faɗi da kansa, a cikin satin nan ne ya fara zamewa. Baba Direba ya ce, “Ta ce yau take sa rai, ko gobe.”

Gaskiya abin da ya fara zuwa raina haushi ne, na ce zare ne fa, zare! Amma ganin tsohuwa a ƙasa sai kunya ta rufe ni, na ce a ba ta haƙuri yanzu zan mayar da shi yadda yake. Na sa babban yatsa na danna inda nake dannawa tun ina yaro. Bai buɗe ba. Na sake, na sa farce, na sa haƙori, har farcena ya tsage jini ya fito, zaren da ya kamata a ce ya marmashe a hannuna don tsufa, ƙullin ko motsi bai yi ba. Ni da na kwance irinsa sau dubu nawa, ido a rufe ma ina kwancewa.

Sai tsohuwar ta ɗauko 'yar wuƙar da take yanka furanni da ita, Baba Direba ya ce tunda ƙullin yanzu nawa ne, ni kaɗai nake da ikon yankewa. Na miƙa hannu zan karɓa sai ta riƙe wuƙar ta tsura min ido, ta yi wata tambaya. Baba Direba ya amsa mata ba tare da ya juyo gare ni ba, na ji ya ambaci asibiti. Sai tsohuwar ta yi magana a hankali, ta kama hannuna ta ɗora wuƙar a tafina. Na ce me ta ce? Da ƙyar ya faɗa min. Wai ta tambaya ko ina da mara lafiya, ya ce ina da shi. Wai ta ce to in sani, duk wanda yake raina lokacin da nake ƙullin ya shiga ciki tare da nata, in na yanke su biyun za su tafi. Ta ce ba za ta ɓoye min ba don ta samu biyan buƙatarta, in yanke in zan iya.

Na yi a'uziyya. Na san rai a hannun Allah yake, na sani tun ina allo, ba zare ba bishiya ba wani mahaluki da zai ƙara wa mutum daƙiƙa ko ya rage masa. Na ɗora wuƙar a kan zaren ina faɗa wa kaina haka. Amma saura kwana uku a shiga da Yaya ɗakin tiyata, kuma hannun nan nawa da bai taɓa jin maganata ba in na ce ya tsaya, ranar da na ce ya yi sai ya ƙi. Na fi minti biyar a tsaye gumi yana zuba. Daga ƙarshe na ajiye wuƙar a kan saiwar bishiyar, na juya na kama hanyar sauka. Ba ta zage ni ba, ba ta yi min baki ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Da na waiwaya na ga ta koma wurin zamanta ta zauna ta ɗaga kai tana kallon reshen.

An yi aiki lafiya. Ƙodar ta kama, muka dawo gida, Yaya ya murmure ya yi kyau har da 'yar ƙiba, ya koma kasuwa mutane suna ta zuwa barka. Ban gaya wa kowa zancen dutsen ba, in an tambaye ni Indiya sai in ba da labarin birai a yi dariya. Abu ɗaya ne ya hana ni mantawa. Tun da muka dawo, duk abin da na ƙulla ba ya kwantuwa. Bakin buhu sai an sa wuƙa, igiyar jirgin ruwa sai an datse, akuyata na ɗaure sai da aka yanke igiyar daga wuyanta, kai har zariyar wandona, Allah ya sani sau biyu ina neman reza a guje. Abokan sana'a suna ta tsokanata wai Indiyawa sun cire min ƙoda sun sa min ƙarfe a yatsu, ina taya su dariyar yaƙe. A hankali na bar saƙa, na koma banda kawai, ɗaurin komai kuma na bar wa matata.

Wata na bakwai da dawowarmu, bayan sallar azahar, Yaya yana tsaye a bakin kogi yana ciniki da masu jirgi sai ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti suka ce jini ne ya zuba a kansa, suka ce mu yi haƙuri mu yi ta addu'a, abu ne na kwana biyu ko uku. Kwana uku suka wuce, sati ya wuce, wata ya wuce, daga baya suka ce mu kai shi gida tunda ba abin da za su ƙara masa. Muka kawo shi ɗakinsa da roba a hanci, ta nan ake ba shi kunu da magani. Ido a buɗe yana kallon rufi, ba ya magana, ba ya motsi, ko ka kira sunansa ko ka tafa a kunnensa duk ɗaya.

Shekara biyar, jama'a. Shekara biyar Yaya Sale yana kwance a ɗakin nan. Mutumin da yake ɗaga kwandon kifi shi kaɗai ya koma ina ɗaukarsa da hannu ɗaya in matarsa Hajara za ta canza shimfiɗa, bayansa ya ɗaye ya zama gyambo, muna wankewa muna juya shi safe da yamma, ɗakin yana wani irin wari da turare ba ya kashewa. Sau biyu numfashinsa yana tsayawa. Na biyun ma har Inna ta shafe masa ido, an aika a gaya wa liman, maza sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, yara sun tafi da diga maƙabarta, sai muka ji ya ja wani dogon numfashi ya ci gaba. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu a kan ƙyauren ƙofa muka ɗauke shi, muka yi sati biyu a wata makaranta cikin sauro da amai da gudawa, ƙarti majiya ƙarfi suka mutu a gefensa, shi ko zazzaɓi bai yi ba. In likita ya duba shi sai ya girgiza kai ya ce ƙodar nan tana aiki kamar ta saurayi.

Kullum na shiga ɗakin sai na tuna tsohuwar nan, in ce ashe abin da take komawa ta tarar a gida ke nan, ni kuma na ajiye mata wuƙa na yi tafiyata. Na tsani kaina, wallahi na tsani kaina. Inna tun tana addu'ar Allah ya tashi kafaɗunsa har ta koma cewa Allah in tafiya ce ta fi masa alheri ka sauƙaƙa masa. Wata rana da hantsi muna juya shi ni da ita, ta ga yadda bayan ya koma, sai ta zauna a bakin gado ta ce, “Auta, wannan bawan Allah sai ka ce wanda aka ɗaure. Ya kasa gaba ya kasa baya.” Ita magana kawai ta yi irin ta uwa. Ni kuwa zaren nan ne ya faɗo min a rai.

Na je wajen wani malami da nake girmamawa na kwashe komai na gaya masa, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya saurare ni har na gama, ya ce in yi istigfari, zare ba ya riƙe rai, ajalin Yaya ne bai yi ba, haƙƙin da yake kaina shi ne na tsohuwar da na ɓata wa rai a wurin ibadarta. Na ce to Malam in sa a yanke? Ya ce in zaren ba komai ba ne, yanke shi ma ba komai ba ne, abin dubawa shi ne me na ƙudurta a zuciyata lokacin da zan sa a yanke. Na fito daga zaurensa na fi yadda na shiga rikicewa, don ni na san abin da yake zuciyata.

Na tono lambar Baba Direba a tsohuwar wayata, ban ma sa ran yana raye ba, sai ga shi ya ɗauka, kuma ya gane ni tun kafin in gama bayani. Na roƙe shi ya hau dutsen ya duba min. Bayan kwana biyu ya turo hoto. Ga reshen, ga zaren, ga ƙullin gidanmu yadda na bar shi. Ya ce tsohuwar tana nan a wurin zamanta, mijin ma yana nan, kuma da ta gan shi ba ta tambaye shi komai ba sai cewa ta yi, mutumin ya shirya? Ta ce ba sai na zo ba, in na faɗa da bakina tana ji cewa na yarda, wani zai iya sa wuƙa a madadina.

Na yi sati ina juya abin. Na ce wa kaina tsohuwar zan sauke wa nauyi, na ce wa kaina ai ba abin da zai faru. Amma gaskiyar ita ce na gaji da ganin Yaya a haka, na kuma yanke masa hukunci cewa shi ma ya gaji. Ran wata Talata, wajen sha ɗaya da rabi na safe, lokacin su can Indiya la'asar ta yi, na hau babur na fita bayan gari can bakin kogi inda ciyawar kacalla ta rufe ruwa, ba kowa sai tsuntsaye, na kira Baba Direba. Ina jin ƙararrawar nan da iska a cikin wayar, ina jin numfashin tsohuwar kusa-kusa. Baba Direba ya ce in yi magana tana ji. Na ce, “Na yarda.” Da Hausa na faɗa, ban ma tuna da wani Turanci ba. Sai Baba Direba ya ce an yanke, an gama. Na kashe wayar.

Tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa gida, ina tafe ina jiran in hango taron mutane a ƙofa. Ba kowa. Na shiga na tarar da Hajara tana wanki a tsakar gida, Inna tana tsince shinkafa, rediyo yana yi, suka yi min sannu da zuwa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na ce alhamdulillahi, ka ga shirmen da na ɗauka a kai shekara da shekaru, Malam ya yi gaskiya. Na ɗaga labule na shiga ɗakin Yaya in gaishe shi yadda na saba ko da ba ya amsawa.

Idonsa yana kan ƙofa. Shekara biyar idon nan rufi yake kallo, ranar yana kan ƙofa, kuma da na matsa sai ya biyo ni. Na tsaya cak. Leɓensa ya motsa, wata murya ta fito a bushe, amma tasa ce, ko a cikin mutum dubu zan gane ta. Ya ce, “Auta.” Na zube a gaban gadon na ce na'am Yaya, na'am, ga ni. Ya ce, “Wa ya sa ka?” Ya ja numfashi da ƙyar ya ce, “Ni na ce maka na gaji?”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa gaya masa ba, ko da yana lafiya ko da yana kwance, ban taɓa yin zancen a cikin gidan ba, kuma inda na yi wayar ko mai lafiya bai isa ya jiyo ni ba. Hajara ta jiyo murya ta shigo a guje hannunta duk kumfa, Inna a bayanta. Na ga ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, na fara laƙƙana masa kalmar shahada ina kuka, ya karɓa, wannan kam na gode wa Allah, ya faɗe ta tiryan-tiryan. Amma har ya cika idonsa bai bar kaina ba.

Suka tambaye ni me ya ce kafin su shigo, na ce sunana ya kira kawai. Da aka zo haɗa shi aka miƙo min ƙyallen da ake ɗaure likkafani, na ce a ba kawunmu, aka ɗauka kuka ne ya hana ni. A wajen zaman makoki kowa ya zo sai ya dafa ni ya ce samun ɗan'uwa irina sai an tona, na ba shi ƙoda, na yi jinyarsa shekara biyar ban taɓa gajiya ba. Inna har ta koma ga Allah tana sa min albarka a kan haka. Washegarin rasuwar Baba Direba ya turo min saƙon murya mai tsawon minti biyu, yana nan a wayata, har yau ban buɗe ba kuma ba na jin zan buɗe.

Ban san mene ne ya faru ba, kuma ba na so wani ya zo ya fassara min. In dacewa ce kawai, to na sa wani abu a zuciyata da bai kamata Musulmi ya sa ba, ina neman gafarar Allah. In kuma ba dacewa ba ce, kun ji da kunnenku abin da na yi wa mutumin da ya raine ni. Shawarata gare ku, duk wanda Allah ya kai shi ƙasar wasu, ya shiga wurin da suke girmamawa, to ya kalla da ido ya zuba hannunsa a aljihu, abin da bai sani ba ya tambaya, ko da tsinke ne kada ya gyara. Wanda kuma yake jinyar nasa, ya yi ta yi har inda Allah ya tsayar, kada ya yanke wa mara lafiya cewa ya gaji. Ni shekara huɗu ke nan ina neman amsar da zan ba Yaya in mun haɗu, har yanzu ban samu ba. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.